Baƙon Zazzau: Yusef Lateef da sarewar Fulani

A shekarar 1981 wani Ba'amurke mai kimanin shekara sittin ya sauka a Zariya domin kama aikin bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Sunansa Yusef Lateef. A ƙasarsa ya riga ya yi suna: ya busa saksofon a ƙungiyar Dizzy Gillespie a 1949, ya yi aiki da Cannonball Adderley a farkon shekarun 1960, kuma yana da digirin dakta a fannin ilimi daga Jami'ar Massachusetts tun 1975. Duk da haka zaman ɗalibi ya zo yi, ya kuwa yi shi har zuwa 1985.

An haife shi a Chattanooga a 1920 da sunan William Emanuel Huddleston, ya tashi a Detroit, ya musulunta ya sauya suna. Tun a shekarun 1950, lokacin da yawancin makaɗan jaz ba su wuce saksofon da ƙaho da fiyano ba, shi ya shiga neman kayan busa na wasu al'ummomi: shanai ta Indiya, argul ta Larabawa, da wata 'yar sarewar yumɓu ta Sin wadda ya buɗe faifansa na 1961, Eastern Sounds, da ita. Ya kuma ƙware a obo, wadda za a iya kira algaitar Turawa.

Wannan ne ya sa Arewa ba ta zame masa baƙon wuri ba ta fuskar sauti. Algaita da shanai da obo dangin juna ne, domin dukkansu 'yan beli biyu ne ke kaɗawa a bakinsu su ba da amo. Mai algaitar fada yana tara iska a kumatu, yana shaƙar wata ta hanci ba tare da busar ta yanke ba, dabarar da masu busan jaz ke ɓata shekaru kafin su iya. Haka kuma yawancin karin waƙoƙin Hausa da na Fulani a kan matakan sauti biyar suke tafiya, kamar yadda bulus na baƙaƙen fatar Amurka ya fi jingina da su. Ba lallai ne a ce wannan ya haifi wancan kai tsaye ba; masana sun daɗe suna ja-in-ja a kan haka. Abin da ba a musu a kai shi ne kunnen da ya saba da ɗayan ba ya ɓata hanya a ɗayan.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne sarewa, wadda makiyayi ke busawa a bayan shanu. A fada ba ta da matsayin kakaki ko tambari, kuma mutumin birni kan ɗauke ta abin wasan yaran ruga. Lateef ya mayar da ita abin nazari, ya bi yadda ake yin ta da yadda ake sarrafa numfashi a cikinta.

Zaman ya bar abubuwan da za a iya taɓawa. Akwai faifan In Nigeria, wanda aka ɗauka a Legas a 1983 tare da makaɗan ganguna na ƙasar nan, kamfanin Landmark ya fitar da shi a Amurka a 1985. Wanda ya saurare shi zai lura cewa ganguna ba ado aka yi da su ba: su ke jan ragama, busa na biye da su, wani lokaci tana amsa musu kamar 'yan amshi. Akwai kuma littafin Hausa Performing Arts and Music da ya rubuta tare da Ziky Kofoworola, aka buga a 1987. Irin wannan aiki na zama a saurara a rubuta shi ne kaɗe-kaɗen ƙananan al'ummomi suka fi buƙata, kamar na bikin Uhola a ƙasar Zuru, waɗanda iliminsu ke hannun dattawa.

Abin mamaki, shi kansa ya ƙi jinin kalmar jaz. Yana ganin suna ne na raini da aka laƙaba wa fasahar mutanensa, don haka ya ƙirƙiro wa kiɗansa wani dogon suna mai nufin abin da ke fitowa daga jikin mutum da hankalinsa da ruhinsa. Makaɗin Hausa, wanda aka daɗe ana haɗa shi da roƙo ana hana shi auren 'yar mutunci, zai gane wannan ƙorafi ba sai an yi masa fassara ba.

Sai dai cinikin bai zo daidai ba. Lateef ya koma Massachusetts ya ci gaba da koyarwa, ya karɓi kyautar Grammy a 1988, ya rasu a Disamban 2013 yana da shekara 93. Masu tara faya-fayai a Turai da Japan sun san In Nigeria. A Zariya kuwa, inda aka yi nazarin, da wuya a sami ɗalibin da ya taɓa jin sa, balle ya iya kawo sunan ko mutum ɗaya daga cikin makaɗan da suka riƙe gangunan.