Kakuri: Yadda Auduga Ta Gina Gari, da Yadda Masaƙu Suka Rufe

Kafin a ƙirƙiro jihar Katsina a 1987, Dutsin-Ma da Kurfi duk a cikin jihar Kaduna suke, kuma Kaduna ce babban birninsu. Saurayin da ya gama makaranta, ko wanda ya gaji da cin rani, idan ya ce zai tafi neman aiki, sau da yawa can ya nufa. A wancan zamani kuwa babu inda ake samun aikin albashi a Arewa kamar Kakuri, unguwar masaƙu da ke tsallaken kogin Kaduna ta kudu. Tarihin wannan unguwa ya shafi manomin ƙasar Katsina kai tsaye, domin da audugarsa aka gina ta.

Noman auduga da kaɗi da saƙa da rini tsofaffin sana'o'i ne a ƙasar Hausa. Abin da Turawa suka kawo shi ne karkatar da audugar zuwa ƙasarsu. A 1902 masu masaƙun Ingila suka kafa ƙungiyar BCGA a Manchester don samo auduga daga ƙasashen da Ingila ta mallake. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, hanya ta buɗe. Aka shigo da irin audugar Amurka mai suna Allen, aka kafa injinan gurza a Zariya da Funtua da Malumfashi da Gusau. Manomi ya kan ɗauko audugarsa a kan jaki zuwa fuloti, malamin awo ya duba tsabtarta, ya ɗora a sikeli, a biya shi farashin da hukuma ta yanka. Daga nan a gurje ta, a ware angurya, a ɗaure diloli, jirgin ƙasa ya kwashe zuwa bakin teku. Bayan wani lokaci ta dawo a matsayin akoko da alawayyo, talaka ya saya da tsada.

Wannan asara ce gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Firimiya Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta ƙudiri aniyar tsayarwa. Ta haɗa hannu da kamfanin David Whitehead and Sons na Ingila, aka gina masaƙar Kaduna Textiles Limited, wadda kowa ya sani da KTL, ta fara aiki a 1957. An zaɓi Kaduna ne saboda dalilai a bayyane: ga mahaɗar jiragen ƙasa, ga ruwan kogi, ga fili, ga ƙasar auduga a kusa, ga kuma gwamnati a gari. Cikin shekara goma sai ga wasu sun biyo baya. Nortex ta zo, 'yan kasuwar Hong Kong suka kafa United Nigerian Textiles, wato UNTL, a 1964, Japanawa kuma suka shigo da Arewa Textiles. UNTL ta bunƙasa har ta zama masaƙa mafi girma a Najeriya. A 1975 kamfanin Peugeot ya buɗe wurin harhaɗa motoci a nan Kakurin, unguwa ta ƙara cika.

Mutanen da suka zauna a Kakuri da Makera da Nasarawa da Tirkaniya daga ko'ina suka zo. Akwai Bakatsine da Bazazzagi, akwai Tibi da Idoma da Igala, akwai mutanen kudancin Kaduna, akwai na ƙasar Edo da Yarabawa da Ibo. A gida ɗaya na haya za ka tarar da Musulmi da Kirista suna jan ruwa a rijiya guda. Injuna ba sa tsayawa dare da rana, don haka aka raba aiki kashi uku. Idan jiniya ta yi kuka, sai titi ya cika da kekuna: masu fita da ƙurar auduga a gashin kansu, masu shiga da kwanon abinci a ɗaure a bayan keke. A bakin ƙofa mai shayi da mai ƙosai da mai tuwo sun san kowa da sunansa, suna ba da bashi har ƙarshen wata, domin albashi ba ya saɓa lokaci. Daga wannan albashi ake aika kuɗin taki da na aure da na makarantar ƙanne zuwa ƙauye.

A cikin waɗannan masaƙu ne ƙungiyar ma'aikatan saƙa da ɗinki ta ƙasa ta yi ƙarfi bayan kafa ta a 1978, da hedikwatarta a Kaduna. Adams Oshiomhole a Arewa Textiles ya fara aiki, ya zama babban sakataren ƙungiyar a 1982, ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa daga 1999, daga baya ya yi gwamnan jihar Edo.

Rushewar masaƙun ba rana ɗaya ta zo ba. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta shigo da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injuna da sinadaran rini da ake sayowa daga waje suka yi tashin gwauron zabi. A shekarar ce kuma aka rushe hukumar cinikin auduga, manomi ya rasa mai ba shi ingantaccen iri da tabbataccen farashi. Wutar NEPA ta zama sai an gani, baƙin man da matatar Kaduna ke samarwa don tukunyar injuna ya yi wuya. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi, kuma ko da aka mayar da shi daga baya, fasa-ƙwauri ya riga ya kafu. Atamfar China kan sauka a Kwatano, ta ratso Nijar zuwa Maraɗi, ta tsallako iyakar Katsina, ta ƙare a Kantin Kwari da ke Kano, wani lokaci ma ɗauke da zanen da aka kwaikwaya daga na Kaduna, kuma a farashin da masaƙar gida ba za ta iya sayarwa ba. KTL ta rufe a 2002, Nortex da Arewa suka bi, UNTL ta tsaya a 2007. An sake buɗe wani sashenta a 2010 da rancen gwamnati ta hannun Bankin Masana'antu, amma aiki bai koma yadda yake ba.

Wahalar a kan mazauna unguwar ta sauka. Dubban ma'aikata sun tashi babu aiki, kuma na KTL sun shafe shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama daga gwamnatocin jihohin Arewa da suka mallaki kamfanin, da yawa sun rasu ba su karɓa ba. Wanda ya ƙware wajen gyaran injin saƙa ya koma acaɓa ko gadi. Rikice-rikicen addini na 2000 da 2002 suka ƙara raba garin Kaduna, maƙwabtan da suka yi shekaru tare kowa ya koma ɓangaren da masu addininsa suka fi yawa. A ƙasar Katsina kuma manoma da dama suka bar auduga suka koma masara da waken suya.

Ba mu kaɗai muka ga irin wannan ba. Birnin Lowell na jihar Massachusetts a Amurka an gina shi ne a shekarun 1820 saboda masaƙun auduga, kuma zuwa shekarun 1950 manyan masaƙunsa sun rufe. Sai dai mutanen can sun adana gine-ginen da injunan da labarin ma'aikatan, har gwamnatin Amurka ta mai da wurin cibiyar tarihi ta ƙasa a 1978.

Kakuri ta nuna cewa Arewa ta taɓa noma auduga, ta gurje ta, ta kaɗa, ta saƙa, ta rina, ta tufatar da kanta. Duk mai son a dawo da wannan dole ya fara daga inda abin ya tsinke: iri mai kyau da farashi mai tabbas ga manomi, wuta mai ɗorewa ga masaƙa, da tsaron iyaka na gaskiya. Kafin nan akwai nauyi biyu da ba sa jira. A biya tsofaffin ma'aikata da iyalan waɗanda suka rasu haƙƙinsu. Sannan ɗaliban tarihi na Jami'ar Tarayya da ke Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita su nemi dattawan da suka yi aiki a masaƙun suka dawo gida, su rubuta abin da suka gani da bakinsu tun suna raye.