Yadda Motsi Ya Tona Asirin Ƙwayar Masassara

Da zarar damina ta kankama, tafkunan Dogarawa da na kwarin Maggiya kan cika da halittun da ido ba ya gani. Kowacce jikinta ƙwaya ɗaya ce tak, ba ƙafa ba fiffike, amma tafiya take yi. Wata da wutsiya take iyo, wata da ƙananan gasun da suka lulluɓe ta, wata kuma ta miƙa gefen jikinta gaba, sauran ya kwarara ya bi. Wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, shi ya fara ganinsu a 1674, cikin ruwan tafki, da madubin da ya haɗa da hannunsa.

Sai da aka shafe shekara fiye da 200 kafin a gane cewa danginsu na cikin jinin mai masassara. Likitocin Turai a lokacin warin fadama suke ɗora wa laifi. Ranar 6 ga Nuwamba 1880, a asibitin soja na Konstantin a Aljeriya, likita Alphonse Laveran ya sa ɗigon jinin wani soja a madubi. Sai ya ga wani ɗan dunƙule ya fitar da zaruruwa suna fyaɗawa kamar bulala, har suna ture ƙwayoyin jinin da ke gefe. Datti ba ya motsi haka. Wannan abu mai rai ne. Abokan aikinsa sun daɗe suna gardama, amma gaskiyarsa ce. A 1897 aka gano zaruruwan nan mazan ƙwayar ne masu neman mace, kuma a shekarar Ronald Ross ya tarar da ƙwayar a cikin sauro a Indiya.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ƙwayar da sauro ke zubawa a fata ba ta da wutsiya ko gashi. Sulalewa take yi, tana kama nama tana saki, har ta faɗa jijiya, jini ya kai ta hanta.

Duk da wannan dabara, daga jikin wani mutum zuwa na wani, sauro ne ke ɗaukar ta. Don haka iyayen Galmi da Dogarawa, a kwantar da yara cikin gidan sauro, kuma kada a tsallake maganin riga-kafin da ake rabawa wata-wata da damina.