Dunƙulen ƙwayoyin hanta: yadda ake gano illar magani kafin ya kai ga majinyaci

Kusan duk maganin da mutum ya haɗiya, na asibiti ne ko jiƙon gargajiya, sai ya bi ta hanta. Ita ce ke sarrafa shi ta hanyar wasu sinadarai da ake kira CYP450. Wani lokaci abin da ke fitowa daga wannan aiki guba ne. Misali farasitamol: hanta na juya wani ɓangarensa zuwa NAPQI, wanda ke kashe ƙwayoyinta idan ya yi yawa. Shi ya sa ake gargaɗin kada babba ya wuce giram 4 a rana.

Tsohuwar hanya

An saba gwada sabon magani a kan dabbobi, ko a kan ƙwayoyin hantar ɗan Adam da aka shimfiɗa a faranti. Waɗanda aka shimfiɗa kan rasa yawancin aikinsu cikin 'yan kwanaki, ga shi kuma hantar ɓera ba ta mutum ba ce. A shekarar 1993 aka gwada maganin fialuridine a Amurka a kan mutum 15 masu ciwon hanta nau'in B. Gwajin dabbobi bai nuna haɗarin ba, amma biyar suka rasu, biyu kuma sai da aka yi musu dashen hanta.

Yadda ake yin dunƙulen

Ana zuba ƙwayoyin hanta kimanin 1,500 a ɗan ramin faranti da ba sa iya manne wa bangonsa. Cikin mako guda sai su cure wuri ɗaya, su zama ɗan ƙwallo da bai kai rabin milimita ba. Da yake suna jingine da juna ta kowane ɓangare kamar yadda suke a jiki, suna ci gaba da sarrafa magani tsawon makonni. Masu bincike kan ɗiga maganin a kai a kai, su auna ƙwayoyin da suka rayu da kuma sinadaran da maganin ya rikiɗa ya koma.

A 2016 masana a Cibiyar Karolinska ta Suwidin suka nuna cewa dunƙulen na aiki har mako biyar, kuma ya fito da gubar fialuridine bayan an daɗe ana ba shi. Ana kuma amfani da ƙwayoyin HepaRG, waɗanda aka samar a birnin Rennes na Faransa. A Disamban 2022 Amurka ta yi dokar da ta cire wajabcin gwada kowane sabon magani a kan dabbobi.

Abin da ya shafi mazauna Lome

Ciwon hanta nau'in B ya yaɗu a Afirka ta Yamma, kuma hantar da ta riga ta raunana ba ta jure abin da lafiyayya ke jurewa. Haka kuma jiki ya bambanta: wani sauyi a sinadarin CYP2B6, da ya fi yawa a tsakanin 'yan Afirka, kan sa maganin HIV na efavirenz ya daɗe a jini. Saboda haka asalin mutumin da aka ɗebi ƙwayoyinsa na da tasiri a sakamakon gwaji.

Sai dai dunƙulen ba ya nuna abin da zai faru da ƙoda ko zuciya, kuma bai maye gurbin gwaji a kan mutane ba. Ba ya kuma kare mai sayen ƙwaya a bakin titi daga Baguida zuwa Agoè-Zongo, domin maganin jabu ba ya bin kowane ɗakin gwaje-gwaje. Wannan matsala ce ta sa wasu ƙasashen Afirka, ciki har da Togo, Nijar da Ghana, suka ƙaddamar da Shirin Lome a Janairun 2020. Likitoci na shawartar mai ciwon hanta ya faɗa musu duk abin da yake sha, har da jiƙo, kafin a rubuta masa sabon magani.