Fasa ƙofa ko taga a bangon da aka riga aka gina

A garin Tambuwal, wanda babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega ta ratsa, ɗakin da ke kallon titi kan iya zama shago cikin 'yan kwanaki: a fasa bangon waje, a kafa ƙofar ƙarfe. Haka nan a Kebbe, mai gida kan buɗe sabuwar taga saboda zafin bazara. Aikin dai ana yi masa kallon ƙarami, to amma yana sauya yadda gini ke ɗaukar nauyinsa.

Nauyin rufi na sauka ne ta bango zuwa harsashi. Idan aka fasa wani sashe, nauyin ba ya gushewa, sai dai ya karkata zuwa ɓangarorin biyu da suka rage. Shi ya sa tsagewa kan fara daga kusurwoyin sama na sabuwar ƙofa, ta haura a karkace. Da zarar faɗin ƙofar ya ƙaru, ko ta matsa kusa da kusurwar ɗaki, haɗarin ma ya ƙaru.

Bango kuwa iri-iri ne. Akwai wanda raba ɗakuna kawai yake yi, galibi da bulo mai inci 6, akwai kuma mai ɗauke da rufi ko bene, wanda aka fi ginawa da mai inci 9. Kauri kaɗai ba hujja ba ne, domin a ƙananan gidaje sau da yawa ana aza rufi a kan mai inci 6. Ginin laka da aka shafe da siminti ma kan yaudari ido, alhali azara na kwance a kansa.

Ƙa'idar injiniyoyi ita ce a tokare abin da ke sama tukuna, a saka linta wadda za ta hau bango da aƙalla inci 6 a kowane gefe, sannan a cire bulon da ke ƙasa. Lintar da aka zuba a wurin na buƙatar lokaci, tunda a kwana 28 ake auna cikakken ƙarfin kankare. Yanka da injin ya fi bugu da guduma, saboda girgiza na sassauta bulon da ke kewaye.

Abin da ba a taɓawa sam shi ne ginshiƙi da rodin da ke cikinsa. Kankare na jure danni, rodi ne ke jure ja, kuma rodin da aka datse ba ya komawa aikinsa don an shafe wurin da siminti. A shekarar 2023, a birnin Harbin na ƙasar Sin, wani ɗan haya ya rushe bango mai ɗauke da nauyi a wani bene mai hawa 31, lamarin da ya sa aka kwashe iyalai fiye da 200.

A Najeriya hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, ita ke yi wa injiniyoyi rajista. Idan akwai bene ko rufin kankare a saman bango, irin wannan injiniya ya kamata ya duba kafin birkila ya ɗaga guduma.