Tarihin Lambu Da Cinikin Kayansa A Ƙasar Kano

Mai noman hatsi da mai lambu duk manoma ne, amma akwai abu guda da ya raba su. Gero in ya shiga rumbu ya kan shekara bai yi kome ba, mai shi kuwa ya iya jira har kasuwa ta yi kyau. Tumatir in an tsinke shi yau, kafin kwana huɗu ya fara ruwa. Saboda haka tun zamanin da abu biyu ke riƙe da arzikin mai lambu, watau hanyar da zai kai kayansa, da labarin yadda kasuwa ta ke kafin ya isa.

A zamanin kakanninmu lambun Kano ba ya nisa da ruwa. A na yinsa a bakin Jakara, wadda ta ratsa birni, da bakin kududdufai da fadamu. Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15, kusa da Jakara ta ke, don haka abin da a ka tsinka da asuba kafin hantsi ya isa gaban mai saye. Da jigo a ke ban ruwa. A kan kafa gwafa, a ɗora doguwar sanda, a ɗaura dunƙulen laka a gindinta, a rataya guga a ɗaya ƙarshen, mutum ya wuni ya na ja ya na zubawa, ruwa na bin fangali ɗaya bayan ɗaya. Girman lambun mutum bai wuce ƙarfin damtsensa ba, nisan kasuwarsa kuma bai wuce inda jaki zai je ya dawo ba.

Sunayen kayan lambu su kansu su na ba da labarin inda su ka fito. Albasa da lemo da ruman sunayensu daga Larabci su ke, alamar tsohuwar hulɗarmu da mutanen arewa da gabas ke nan. Tumatir da barkono asalinsu nahiyar Amurka ne, jiragen ruwan Turawa su ka yaɗa su cikin duniya. Kabeji da karas da latas kuwa da jin sunansu ka san da Ingilishi su ka zo. Turawan mulki sun kuma zo da wata al'ada, ta shuka furanni da itatuwan inuwa don ƙawa, har a ka sami ma'aikaci mai suna gadina. Dogon yaro, wanda yanzu ba garin da babu shi, ɗan ƙasar Indiya ne, a 1928 a ka fara dasa shi a Barno.

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911. Gyaɗa da fata su su ka fara cin moriyarta, domin su na jure tafiya. Cikin kayan lambu albasa ce mai haƙuri, sai busasshen barkono da kauɗar tumatir. Ɗanyen tumatir bai zama kayan fatauci sosai ba sai da manyan motoci su ka yawaita, a ka shimfiɗa kwalta zuwa Kurmi. Sa'an nan a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a ka gama madatsar ruwa ta Tiga, ruwa ya bi magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Daga baya ƙananan injinan ban ruwa masu shan fetur su ka kori jigo daga fadamu. Mutumin da ubansa ke bayin fangali ashirin sai ga shi da eka guda ko fiye. Tumatir ya fi ƙarfin cikin Kano, dole a loda shi a Kwanar Gafan ko 'Yankaba, a nufi Ikko, watau Legas, tafiyar fiye da mil 600, a sauke a kasuwar Mil Goma Sha Biyu.

To, a nan wata sabuwar wahala ta ɓullo. Mai lambu ya na Kura, kasuwarsa ta na bakin teku. Bai san mota nawa ta riga tasa isa ba, bai san nawa a ka sayar da kwando jiya ba. Dillali da direba su ke da labari, abin da su ka faɗa shi ne gaskiya. Ba mu ce dillali macuci ba ne, domin shi ke saukar da baƙo, shi ya san mai biya da mai gudu da bashi, la'adarsa kuma halal ce. Amma ciniki tsakanin mai gani da wanda a ka rufe wa ido ba ya zama daidai.

A 2001 wayar hannu ta shigo Nijeriya, cikin 'yan shekaru ta isa ƙauyuka. Tun daga nan mai lambu ya iya kiran ɗan'uwansa a Ikko ko Badun ya ji farashi kafin ya sa hannu a tsinka. Da wayoyi masu ɗaukar hoto su ka yi araha sai ciniki ya hau intanet. Yanzu a kan ɗauki hoton kwanduna a aika ta WhatsApp, a yi tayi, a ce albarka, a ƙara, a sallama, alhali mai saye da mai sayarwa ba su taɓa haɗuwa ba. Masu sayar da iri da taki da maganin ƙwari su na talla a Facebook. Masu renon dashen mangwaro da gwaba da furanni a bakin titi, jikokin gadina a sana'a, su ma hoto su ke nunawa, mai sabon gida ya zaɓa a kai masa har ƙofa.

Shekarun baya sun gwada wannan sabuwar hanya. A 2016 wata tsutsa, wadda a ka laƙaba wa suna Ebolar tumatir, ta cinye gonaki a Kano da Kaduna, farashi ya yi tashin da ba a saba gani ba. A 2020 annobar korona ta sa a ka kulle Ikko, mutane da yawa su ka koyi sayen kayan miya ta waya a kawo musu gida. A Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun, 'yan kasuwar Arewa su ka tsai da kai kaya Kudu na kusan mako guda. Tumatir ya yi tsada a Ikko, ya rasa mai saye a Arewa, waya na hannun kowa amma ba ta hana shi ruɓewa ba. A farkon 2023 kuma, da a ka canja takardun naira, tsabar kuɗi ta ɓace, wanda ba shi da asusun banki ya ga kayansa na lalacewa a gabansa.

Abin lura a nan shi ne, waya ta gajarta tafiyar labari, amma hanyar mota ta na nan da tsawonta. Har yanzu yawancin tumatir cikin kwando ya ke tafiya, na sama ya danne na ƙasa, ga rana, ga ramuka, ga shingayen karɓar kuɗi. Akwatin roba ya fi kwando tsare kaya, amma ya fi shi tsada. Kuma sabuwar kasuwa ta zo da sababbin ɓarayi. Mun saba cewa gani ya kori ji, amma hoto ya kan nuna saman kwando ya ɓoye ƙasansa. Akwai mai sayar da iri na jabu, manomi ba zai gane ba sai rani ya yi nisa. Akwai mai aiko da saƙon ƙarya cewa kuɗi sun shiga, ya kwashe kaya ya kashe waya.

Don haka, kai mai lambu, kada ka saki kaya sai ka duba asusunka da idonka ka ga kuɗin, wannan kuwa sai wanda ya iya karatu da lissafi. Kada ka sayi iri wurin wanda ba ka san rumfarsa ba, ko ba ka san wanda ya san shi ba. Kada ka tsinka sai ka ji farashi daga baki biyu ko uku. Labarin da kakanka ya rasa ya na aljihunka yau. Saura ka san wanda za ka amince wa, kamar yadda a ke yi tun zamanin Kurmi da jigo. Allah ya sa albarka a rani da damina, amin.