Kore da Fari a Sararin Boɗinga: Abin da Fenti Ke Ɓoyewa a Tarihin Jiragen Alhazan Sakkwato

Akwai wani ra'ayi da ya daɗe yana yawo a rubuce-rubucen da ake yi kan tarihin sufurin sama a Nijeriya, wanda wani abokin aikina ya sake tayar da shi kwanan nan da ƙarfi. Ra'ayin shi ne, wai za a iya karanta ƙarfin ƙasa da rauninta a jikin jiragenta: muddin kore da fari da giwa mai fukafukai suna sauka a filayenmu, to lamura suna hannun na gida, ran da launin ya ɓace kuma sai aminci ya ɓace tare da shi. Ina ganin wannan kuskure ne, kuma kuskure mai tsada ga mutanen da suka fi kowa biyan kuɗinsa, wato maniyyatan da ke bin titin Shagari, Yabo da Boɗinga zuwa filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku.

Shimfiɗar tarihin sananniya ce ga masu wannan fanni: an kafa kamfanin jiragen saman ƙasa a 1958 daga ragowar tsohon kamfanin WAAC, ya ɗauki sunan Nigeria Airways a 1971, ya daina tashi a 2003. Inda muka saɓa shi ne me launin ke shaida.

Kowane jirgin fasinja yana ɗauke da shaida uku. Akwai sunan kamfanin da ya sayar da tikiti, akwai fentin da ke jikin jirgin, sannan akwai lambar rajista, waɗannan ƙananan haruffa da ke kusa da wutsiya, masu nuna ƙasar da ke da alhakin sa masa ido. Ta ukun ce ke biye da kundin gyara, kuma ita ce mai rakiya ba ya iya karantawa daga bayan shinge. A tarihinmu, sau da yawa ukun nan ba su zo ɗaya ba. A shekarun farko, jiragen wani kamfanin ƙetare, BOAC, ne ke ɗaukar fasinjojin kamfanin zuwa Landan. Jirgin VC10 da ya faɗi kusa da Legas ranar 20 ga Nuwamba 1969, bayan ya biyo ta Kano, ya kashe mutum 87, daga hannun BOAC aka saye shi a shekarar. Boeing 707 da ya ƙone a Kano ranar 22 ga Janairu 1973 da alhazai a ciki, mutum 176 suka rasu, na kamfanin Alia ne na ƙasar Jodan, haya aka ɗauko shi. Hatta zamanin da ake yawan kira na ƙoshi, farkon mulkin Alhaji Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1981 ma'aikatan KLM na ƙasar Holan ne ke riƙe da ragamar gudanar da kamfanin bisa kwangila. Launin na gida ne, hannun da ke juya shi na baƙi.

Amma hujjar da ta fi nauyi ga Sakkwato ita ce ta ranar 11 ga Yuli 1991. Tafiya mai lamba 2120 ta Nigeria Airways ta tashi daga Jidda da safe za ta Sakkwato, da fasinja 247 da ma'aikata 14. Jirgin DC-8 ne ƙirar 1968, rajistarsa ta Kanada, C-GMXQ, kamfanin Nationair ke sarrafa shi. An ba Nigeria Airways hayarsa da matuƙansa da makanikansa, shi kuma ya miƙa shi ga kamfanin Holdtrade don jigilar alhazai. Binciken da aka yi ya nuna cewa kwanaki kafin ranar an gano iskar wasu tayoyin ta yi ƙasa, aka kuma canza alƙaluman da ke cikin takardar gyara. A safiyar tashi makanike ya nemi iskar naitirojin bai samu ba, gudun jinkiri ya sa aka saki jirgin haka. Tayoyi biyu na ɓangaren hagu suka fashe yana gudu a kan titin tashi, suka kama wuta, matuƙan ba su sani ba suka naɗe ƙafafun cikin cikin jirgin. Ya juyo zai sauka, ya faɗi kimanin kilomita uku kafin titin. Ba wanda ya tsira. Iyalan da suka yi cirko-cirko a gefen filin jirgi a ranar, da buta da tabarma, suna jiran sunan da suka sani ne. Abin da ya yanke hukunci kuwa ma'aunin iskar taya ne da sa hannun wani a kan takarda.

Abokin aikina yana da amsa, kuma ba amsar banza ba ce. Yana cewa misalan nan nasa ne ba nawa ba: ai jiragen haya ne suka faɗi, da kamfanin ƙasa ya mallaki isassun jirage masu launinsa da ba a kai ga ɗauko na Jodan ko na Kanada ba. Ya ƙara da cewa fenti alƙawari ne. Wanda ya sa tutar ƙasa a wutsiyar jirgi ya ɗaura wa kansa nauyin kunya, kunya kuwa tana gyara aiki. Na yarda da rabin maganar. Babu shakka launin yana da ma'ana ga wanda ya gan shi a Jidda bayan wata guda a baƙuwar ƙasa, kuma mai nazarin al'adu yana da haƙƙin rubuta wannan. Sai dai aikin hajji aiki ne na makonni kaɗan da ke buƙatar kujeru dubbai a lokaci ɗaya, har manyan kamfanonin ƙasashen Musulmi suna yin haya dominsa. Haya ba ta zo don launi ya kau ba. Tana nan tun launin yana kan ganiyarsa, 1973 shaida ce. Batun kunya kuma, VC10 na 1969 mallakar kamfanin ne, haka Fokker F28 da ya faɗi a Inugu a Nuwamban 1983. Tuta tana wutsiyarsu.

Dole a nan in taƙaita da'awata daidai gwargwadon abin da hujja za ta ɗauka. Haɗurra huɗu ko biyar ba su isa a ce jirgin haya ya fi na gida haɗari ko akasin haka ba, dalilansu ma sun sha bamban. Abin da suke iya tabbatarwa ƙarami ne, amma a ganina ba ya girgiza: daga launin jirgi ba a gane wanda ke duba shi. Ko shekarun jirgi, da abokin nawa ke komawa gare su idan hujjar fenti ta gaza, ba su cika ba da amsa ba. Boeing 737 na kamfanin ADC da ya faɗi a Abuja ranar 29 ga Oktoba 2006 a hanyarsa ta zuwa Sakkwato, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo ya rasu cikin mutum 96, ƙirar 1983 ne, shekararsa 23, daidai da na Jidda. Amma rahoton ya jingina haɗarin ga juyawar iska da yadda matuƙan suka fuskance ta. Tsufa bai hana hura taya ba, bai kuma yanke shawarar tashi cikin hadari ba.

Abin da ya sa gardamar ba ta tsaya a ɗakin karatu ba shi ne, har yanzu ana gina siyasa a kan ra'ayin da nake suka. An ƙaddamar da tambarin sabon kamfanin ƙasa, Nigeria Air, a baje-kolin Farnborough na Ingila a Yulin 2018 ba tare da jirgi ko ɗaya ba. A ƙarshen Mayun 2023 aka sauke wani Boeing 737 a Abuja sanye da sabon launin, lambar rajistarsa kuwa ta Habasha ce, ya kuma koma hannun Ethiopian Airlines. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Saboda haka kirana ga masu nazarin tarihi, musamman na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, shi ne a bar tattara hotunan wutsiya haka nan, a koma ga takardun hukumar alhazai ta jiha da na filin jirgi. A fitar da jerin kowane jirgi da ya ɗauki alhazai daga Sakkwato shekara bayan shekara, da lambar rajistarsa, da mai shi, da wanda ya ɗauko hayarsa, da wanda ya sa hannu a gyaransa. A haɗa da bakin dattawan Boɗinga da Shagari da suka hau jiragen, tun suna raye.