Littafi Ko Inuwar Fim? Sake Duba Matsayin Littattafan Star Wars

Wani abokin aikina a fagen nazarin adabi ya daɗe a kan ra'ayin cewa ƙagaggun labaran kimiyya da ake rubutawa don faɗaɗa shahararrun finafinai haja ce kawai, tamkar riga mai hoton jarumi ko 'yar tsanar yara. A ganinsa fim ne uwa, littafin kuwa ɗan goyo ne da ba zai taɓa sauka ya taka ƙasa ba. Batun yadda labari ɗaya ke ratsa kafofi daban-daban sananne ne (Jenkins, 2006), ba sai an maimaita ba. Abin da ake jayayya a kai shi ne wa ke ci daga hannun wa.

Hujjarsa ta farko tana da ƙarfi. Splinter of the Mind's Eye na Alan Dean Foster (1978) an tsara shi ne yadda za a iya mayar da shi fim mai araha idan Star Wars na 1977 bai yi kasuwa ba, shi ya sa aka tsare labarin a duniya guda mai hazo, kuma babu Han Solo, ɗaya daga cikin jaruman fim ɗin, a ciki. Nan kam aljihun kamfani ne ya riƙe alƙalami.

Sai dai ina ganin ya yi gaggawar yanke hukunci. Bayan Return of the Jedi (1983) an shekara goma sha shida ba a fitar da ci gaban jerin ba a silima. A cikin wannan fari ne Timothy Zahn ya wallafa Heir to the Empire a 1991, wanda ya hau saman jerin littattafan da suka fi kasuwa na jaridar New York Times, littattafai biyu suka biyo baya a 1992 da 1993. Zahn ne ya raɗa wa babban birnin daular da ke cikin labarin suna Coruscant, kuma da wannan sunan George Lucas, wanda ya ƙirƙiri Star Wars, ya nuna shi a The Phantom Menace (1999). Ɗan goyo ke nan ya sa wa gidan uwarsa suna.

Abin da ya fi sunan muhimmanci shi ne Thrawn, mugun da Zahn ya ƙirƙira a littafin. Mugun fim, Darth Vader, da tsoro yake mulki, kuma kyamara na son irinsa: baƙar suttura, numfashi mai firgitarwa. Thrawn kuwa zama yake yana nazarin zane-zane da sassaƙe-sassaƙen abokan gaba har ya gano inda tunaninsu ke da rauni. Mai karatu yakan gan shi ta idon mataimakinsa Pellaeon, yana shakka, yana mamaki, daga baya ya sallama. Irin wannan mugu mai aiki da ƙwaƙwalwa shafi ya fi dacewa da shi, kuma da wuya a ce fim ne ya haife shi.

Abokin nawa yakan mayar da martani da shekarar 2014. Bayan Disney ta sayi Lucasfilm mai shirya finafinan a 2012, kamfanin ya sanar cewa tsofaffin littattafan sun fita daga sahihin tarihin labarin, aka liƙa musu tambarin Legends. Yana tambaya, wane irin adabi ne sanarwa ɗaya ke shafewa? Tambayar ta cakuɗa abu biyu, mallaka da daraja. Sanarwar ta nuna wanda ke da haƙƙin mallaka, ba ta goge ko harafi ɗaya daga littafin ba. Hasali ma kamfanin ne ya koma ya ɗauko Thrawn, ya sa shi a shirin Rebels a 2016, ya nemi Zahn ya sake rubuta shi a 2017, sannan Thrawn ya fito a shirin Ahsoka a 2023. (Mu da muka ga yadda aka yi wa littattafan soyayya kuɗin goro da sunan adabin kasuwar Kano, ya kamata mu yi hattara da hukuncin da ke farawa daga inda ake sayar da littafi.)

Dole dai in taƙaita da'awata. Littattafan Star Wars suna da yawa ƙwarai, kuma da dama cikinsu maimaita yaƙin fim kawai suke yi da sababbin sunaye. A kansu abokina bai yi ƙarya ba. Hujjar da na kawo ta tsaya ne a kan Zahn, wataƙila da wasu 'yan kaɗan. Amma ra'ayin da aka gina a kan cewa littafi kullum karɓa yake yi, misali ɗaya tabbatacce ya isa ya rushe shi, kuma Heir to the Empire shi ne wannan misalin.